Alhamdulillahi, kwalin Hajiya ya iso Katsina

Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar kwalin ya shiga gida, maganin Hajiya cif-cif, tabaranta ma ko tsagewa bai yi ba. Duk wanda ya kira, ko ya turo saƙo, ko ya sa mu a addu'a tun ranar da aka ce ba a ga kayan ba, Allah ya saka masa da mafificin alheri. Ni nan Alƙahira sai daren jiya barci ya ɗauke ni da gaske.

Kun san yadda aka yi ta fama tun da kwalin da aka aiko daga nan ta kago, wato jirgin dakon kaya, ya ɓace a hanya, ba sai na maimaita ba. Wanda nake so ku sa a addu'a wani bawan Allah ne mai dako a siton da ake sauke kaya a Kano. Takardar da aka manna a bayan kwalin ta yage a hanya, ba suna ba lamba, aka tura shi lungu. Da aka buɗe don dubawa sai ya ga takarda ta biyu cikin leda a saman kayan, ya lura magani ne, ya kira da katin wayarsa. Ƙanena ya ce kafin komai sai da mutumin ya tambaya ko mai maganin tana da sauran na sha. A lokacin 'yan ƙwayoyi ne suka rage mata, kuma maganin hawan jini ba a yanke shi haka kawai. An ba shi tukuici ya ƙi karɓa. Allah ya rufa masa asiri duniya da lahira, ya shirya masa zuri'a, ya jiƙan magabatansa, ya sa kada ya taɓa neman taimako ya rasa.

Yayarmu ta Ƙofar Ƙaura, na san ba kya son a ambace ki, ki yi haƙuri, ke kika kwana da Hajiya duk tsawon wannan lokaci. Kawu, da shekarunka ka hau mota zuwa Kano ka dawo a yini ɗaya, Allah ya ƙara girma. Akwai waɗanda gidansu bai fi taku kaɗan da na Hajiya ba, ko leƙowa ba su yi ba. Allah ya sa lafiya ce ta hana su.

Masu tambayata yadda ake aiko da kaya, ga abin da ya kamata a kiyaye. Adireshi sau biyu ake rubuta shi, ɗaya a waje a lulluɓe da salatif mai faɗi, ɗaya a ciki, kowanne da lambobin waya biyu. Magani a bar shi a kwalinsa na asali, a haɗa da kwafin takardar likita da rasit, domin Kwastam da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, suna da hurumin tambaya. Wanda ke buƙatar sanyi kamar insulin, allurar masu ciwon suga, da ake ajiyewa tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius, kada a sa shi a kago sam, zafin sito zai lalata shi.

Turare mai sinadarin barasa da fawa banki na cajin waya kaya ne masu haɗari a dokar jirgi. Masu kago kuma haɗa kayan mutane da yawa suke yi wuri ɗaya, don haka kwalba ɗaya da wani ya ɓoye tana iya tsayar da lodin kowa. Abin da ya fara jinkirta namu ke nan, kuma wallahi wannan ɗaukar alhaki ne.

Kuɗi kuma ba nauyin sikeli kaɗai ake dubawa ba. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6000, wasu kamfanonin da 5000. Kwali mai 60 da 40 da 40 zai tashi kilo 16 in an raba da 6000, ko da auduga ce a ciki, kuma wanda ya fi yawa tsakanin awon biyu shi za a caje ka. A matse kaya a ƙaramin kwali mai kauri, a ɗauki hotonsa a buɗe da kuma a rufe, a tura wa mai karɓa tare da hoton rasit a ranar.

Hajiya ta ce a gaishe ku duka, ta sa muku albarka. Allah ya bar zumunci, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.