Sunan da ke ƙasan rubutu

A shekarar 2009 na samu aikin da na fara cin abinci da alƙalami. Wani bawan Allah ne ya kama ɗaki ɗaya a saman bene a Kano, ya zuba kwamfutoci huɗu da ƙaramin janareto, yana karɓo kwangilar rubutu daga 'yan kasuwar Amurka da Ingila ta intanet. Mu uku ya ɗauka. Aikinmu mu rubuta gajerun maƙaloli da Turanci a kan duk abin da aka turo, ko inshorar mota ce, ko abincin kare, ko maganin sanƙo. In mun gama sai mu kai su rumbunan maƙaloli.

Yaran yanzu ba su san waɗannan rumbuna ba. Shafuka ne da ke karɓar rubutu daga kowa kyauta, su jera shi fanni-fanni, sannan su ba duk mai wani shafi izinin ya ɗauka ya buga a wurinsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Sharaɗin shi ne kada ya taɓa rubutun, kuma ya bar ɗan akwatin da ke ƙasa yadda ya gan shi. A cikin akwatin nan ake sa sunan marubuci, da layi biyu ko uku na bayanin ko shi wane ne, da mahaɗin da zai kai mai karatu shafinsa. Babbansu a lokacin shi ne EzineArticles na Chris Knight, wanda ke garin Green Bay a jihar Wisconsin ta Amurka. Akwai ArticlesBase da GoArticles, da ɗaruruwan ƙanana da ke karɓar duk abin da aka jefo musu ba tare da wani ya karanta ba.

Asalin tsarin yana da kyau, kuma har gobe ina ganin kyansa. Mai sana'a ya ba da iliminsa kyauta, rubutun ya yi ta yawo daga wannan shafi zuwa wancan, sunansa na biye da shi, wanda ya amfana ya neme shi. Amma ba don mai karatu masu ba mu kwangila suke biya ba. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, injin binciken yana ɗaukar kowane mahaɗi da ke nuni zuwa wani shafi kamar ƙuri'a ce aka jefa masa. A wancan lokacin, wanda ya fi tara ƙuri'u shi ke hawa sama idan aka yi bincike. Saboda haka ɗan mahaɗin da ke cikin akwatin shi ne hajar da ake saye. Maƙalar kuwa takardar ƙunshi ce kawai, irin wadda mai tsire ke naɗe nama a ciki.

Na daɗe ban fahimci haka ba. A watannin farko nakan zauna in yi ta gyaran jimla, in share, in sake. Wata rana maigidan ya tsaya a bayana yana kallon allon kwamfutar, ya ce, “Malam, ba wanda zai karanta wannan fa. Ka cika adadin kalmomin, ka sa kalmar binciken sau huɗu, ka wuce na gaba. Mai yana ƙonewa.” Ba mugun mutum ba ne, yana biyanmu a kan kari, kuma gaskiyar kasuwar ya faɗa mini. Daga ranar na koyi sauri.

Bayan sauri sai muka koyi juya rubutu. Akwai manhajar da za ka ba ta maƙala ɗaya, ka sa mata kalmomi masu ma'ana kusa da juna cikin baka-biyu, kamar saya da mallaka da samu, ita kuma ta yi ta musanya su har ta fitar maka da maƙala hamsin da suka bambanta a ido amma magana ɗaya suke yi. Wasu jimlolin kan fito a karye, babu kai babu gindi. Manyan rumbuna masu editoci sukan dawo mana da irin waɗannan, sai mu tura musu ta asalin, mu watsa sauran a ƙananan. Kowace kuma da sunan da za a liƙa mata. Muna da wani littafi mai bangon kwali a kan tebur, cike da sunayen Turawan da babu su a duniya, kowane da lambar sirrinsa da sana'ar da aka ƙaga masa. Wannan tsohon makaniki ne, waccan uwar 'ya'ya uku ce mai son lambu.

Ɗaya daga cikin sunayen nan na wata mata ce da muka ce ta shekara da shekaru tana aikin jinya. Ni aka ba ita. Da sunanta na rubuta maƙaloli da dama a kan ciwon suga, don wani mai sayar da ƙwayoyin ƙarin kuzari. Ban san komai a kan ciwon suga ba. Nakan buɗe shafuka uku ko huɗu, in tsinto nan in tsinto can, in haɗa, in rufe da cewa mai karatu ya latsa nan don ƙarin bayani. Ban taɓa rubuta cewa mutum ya bar maganin asibiti ba, amma na rubuta abubuwan da za su iya sa mai rauni ya yi tunanin haka, kuma na rubuta su da muryar wadda ta san aikinta. A cikin duk abin da na yi a ɗakin nan, wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

A tsakiyar wannan hali ne na yi rubutu ɗaya don kaina. Na je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, na wuni wurin. Na ga yadda ake haɗa baba da toka a cikin rami, a bar shi kwanaki har ya nuna, da yadda marini ke tsoma ƙyalle ya ɗago, ya bari iska ta buge shi, launin ya juya daga kore-kore ya koma shuɗi a kan idonka, sannan ya sake tsomawa. Na ga hannun wani dattijo da shuɗin ya kama har gefen farce. Na rubuta abin da na gani da Turanci, na sa sunana na gaskiya a akwatin, na kai wani rumbu. Da aka karɓa sai na buga shi a takarda na kai wa kawuna, wanda malamin zaure ne kuma mai son waƙoƙin wa'azi na da.

Na fassara masa, ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, “To, madalla. Sauran da kake yi kullum fa, su ma haka kake sa sunanka?” Na ce, “A'a, Kawu, waɗancan sunan wasu ake sawa.” Ya ce, “Su wa?” Na ce ai babu su, ƙirƙira ce. Ya yi shiru. Can ya jawo gafakarsa ya zaro wasu takardu da suka yi ja don tsufa, waƙa ce da ajami, ya nuna mini baitocin ƙarshe inda mai waƙar ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, ya kuma sa shekarar da ya gama ta cikin ramzi, wato haruffan da ke tsaye a madadin lambobi. Ya ce, “Ka san dalilin da suke yin haka? Don wanda ya ƙaru ya yi musu addu'a. Kuma in an ga kuskure a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.” Ya mayar da takardunsa, ya shiga wata maganar.

Ni da nake ganin akwatin marubuci wurin karɓar yabo ne, ban taɓa kallonsa a matsayin wurin ɗaukar alhaki ba sai a ranar. Matar da muka ƙaga ba ta da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. In wani a wata ƙasa ya karanta ya cutu, babu wanda zai kama, kuma dalilin ƙirƙirarta ke nan tun farko.

Ban bar aikin nan take ba, don ina da buƙata. Na dai roƙi maigidan ya cire ni daga rubutun lafiya, ya kuma yarda.

Rubutun marina kuwa ya koya mini wani abu dabam. Bayan 'yan watanni na ɗauki jimla ɗaya daga cikinsa na bincika, sai na gan shi a shafuka da yawa. Kaɗan ne suka bar akwatin. Wasu sun yanke shi, wani ma ya sa nasa sunan a sama. Mafi ciwo shi ne wanda aka bi ta kansa da irin manhajar da muke amfani da ita, aka juya kalmomin har dattijon nan mai shuɗin hannu ya zama wani abu da ba a gane shi. Na rubuta wasiƙu zuwa ga masu shafukan, mutum ɗaya ne ya amsa. Kuma ba ni da hujja mai ƙarfi, domin ban fara buga shi a wani wuri nawa ba, kai tsaye na kai shi rumbu. Wanda ya shanya hatsinsa a bakin hanya ba shi da bakin yi wa kaji faɗa. Ga shi kuma ni kaina na san hannuna ba tsarkakakke ba ne a wannan harka.

A watan Fabrairun 2011 Google ya sauya yadda yake auna shafuka, sauyin da aka sani da Panda, daga sunan wani injiniyansu. Kamfanin ya ce abin ya shafi kusan kashi 12 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka. Shafukan da ke cike da rubutu maras nauyi da maimaici suka rufto ƙasa, rumbunan maƙaloli na sahun gaba. EzineArticles ya ƙara tsauri, ya ɗaga mafi ƙarancin tsawon maƙala daga kalma 250 zuwa 400. A watan Mayu na shekarar, Amit Singhal na Google ya fitar da jerin tambayoyi 23 da mai shafi zai yi wa kansa. A cikinsu akwai ko za ka amince da bayanin da ke cikin wannan rubutu, da ko wanda ya san fannin ne ya rubuta shi, da ko za ka yi tsammanin ganinsa a mujalla ko littafi. Na karanta su a ofis, na ga babu ɗaya daga cikin rubuce-rubucen matar nan tawa da zai tsallake ko tambaya guda.

Sai wani sauyin na Google mai suna Penguin ya biyo baya a watan Afrilun 2012, shi kuma mahaɗan bogi ya sa a gaba. Ƙuri'un da aka saya suka koma laifi a kan mai su. Kwangila ta ƙarshe da na yi a ɗakin nan ita ce bin rumbuna ɗaya bayan ɗaya ina roƙon a cire mahaɗan da mu da kanmu muka dasa shekara biyu da suka wuce. Kafin ƙarshen shekarar maigidan ya sayar da kwamfutocin. Ban ga laifin injin binciken ba. Shara muka zuba, aka zo aka share.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne mutanen kirki da guguwar ta haɗa da su. Akwai masu sana'a na gaskiya da suka zuba ilimin shekaru a irin waɗannan wurare da sunansu na yanka, ba su ajiye kwafi a ko'ina ba. Kamfanin Yahoo ya sayi Associated Content, wani shafi da ke buga rubuce-rubucen jama'a, a 2010, ya sauya masa suna, sannan ya rufe shi a 2014, rubuce-rubucen dubban mutane suka sauka daga intanet. A shekarar ce kuma Google ya daina tsarin da ya fara a 2011 na nuna sunan marubuci da hotonsa a gefen sakamakon bincike, tsarin da da yawa suka ɗauka shi ne zai tsare musu haƙƙinsu. Duk gidan aro ne, ranar da mai gida ya so ya rufe ƙofa zai rufe.

Yau da Hausa nake rubutu, kuma abin da na baro can shi na tarar a nan da wata riga. Marubuciya za ta kwana tana buga labari a waya, ta sake shi a zauren WhatsApp, kafin azahar ya zaga zaure ashirin, an yanke sunanta, wani ya ɗora a shafinsa yana karɓar kuɗin talla, wani ya karanta a YouTube bai ko ambace ta ba. Idan ƙannena masu tasowa suka tambaye ni, abin da nake yi nake gaya musu. Nakan fara buga abu a wurin da ni ke riƙe da makullinsa, da kwanan wata a jiki, in ajiye kwafi a wuri biyu, sannan in bar shi ya yi yawo. Nakan saƙa sunana a cikin rubutun kansa, yadda tsofaffin mawaƙan wa'azi suka yi, domin akwatin da ke ƙasa da almakashi ɗaya ake cire shi. In zan ɗauko na wani, da sunansa nake ɗaukowa, ko da layi biyu ne. Kuma ba na sa hannu a kan abin da ba zan iya tsayawa in kare shi ba in an zo ƙofata.

Kwanakin baya na nemi maƙalolin ciwon sugan nan, da niyyar in rubuta wa duk shafin da ke ɗauke da su in roƙa a sauke. Yawancinsu sun ɓace tare da rumbunan. Guda ɗaya na samu a wani tsohon shafi da ba a taɓa shi ba shekara da shekaru, akwatin na nan a ƙasa da sunan matar da bayanin aikin jinyarta. Na aika wasiƙa zuwa adireshin da ke jikin shafin, na faɗi sunana, na ce ni na rubuta kuma ban cancanci rubutawa ba. Wasiƙar ta dawo mini, adireshin ya daina aiki.