Ranar da yaro ya nuna mini kuskurena a waya

Shekara tara na yi ina busa usur a filayen unguwa a nan Zariya, daga Tudun Wada zuwa Gyallesu, wani lokaci a ɗauke ni a babur har Samaru in an rasa wanda ƙungiyoyin biyu suka yarda da shi. Ba ni da takardar alƙalanci ko ɗaya. Kayan aikina usur na roba ne, da agogon hannu, da kati biyu da na yanka daga kwali na liƙa musu takarda ja da ruwan ɗorawa. Ladan, in an ci sa'a, kuɗin mai da ruwan leda biyu. In ba a ci sa'a ba, tun kafin a tashi kake duba wace hanya ta fi kusa da titi. Shi ya sa duk ranar da gardamar VAR, wato tsarin taimaka wa alƙalin wasa da bidiyo, ta ɓarke a gidan kallon da nake zuwa, ni ake juyowa: "Rafali, kai me ka gani?"

Yawancin masu kumfar bakin ba su san iyakar abin ba. Hukumar IFAB mai riƙe da dokokin ƙwallo ta shigar da shi doka a watan Maris na 2018, ta kuma ɗaure shi a lokacin a kan abu huɗu: ƙwallon da ta shiga raga, bugun fenareti, jan kati kai tsaye, da kuma in an ba wani kati a madadin wani. Ko a nan ma sai kuskuren ya fito ƙarara. Mutumin da ke zaune a ɗaki gaban allo yana raɗa wa alƙali magana ne a kunne, ya ce zo ka duba. Mai usur shi ke da ta cewa. Da a kotu ne, sai mu ce an ƙaro shaida mai kaifin ido, amma alƙalin da ke kan kujera shi ne dai na jiya.

Mu 'yan Najeriya ba mu daɗe ba muka ɗanɗana. Ranar 26 ga Yuni 2018, a kofin duniya a Rasha, muna kunnen doki da Ajantina ɗaya da ɗaya, Messi ya ci, Victor Moses ya farke da fenareti, kuma canjaras ya ishe mu wucewa zagaye na gaba. Saura kusan minti goma Marcos Rojo na Ajantina ya sa kai, ƙwallo ta sauka a hannunsa cikin da'ira. Alƙalin wasa, Cüneyt Çakır ɗan Turkiyya, ya ruga gefen fili wajen talabijin. Gidan kallo ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar janareta. Wani dattijo a bayana har ya fara zaɓen wanda zai buga. Mutumin ya duba, ya dawo, ya ce a ci gaba. A minti na 86 wannan Rojon ne ya zura mana ta biyu. Ba a yi sati uku ba, a wasan ƙarshe, ƙwallo ta taɓa hannun Perišić na Kuroshiya, alƙali Néstor Pitana ya duba irin wannan talabijin ɗin, ya ba Faransa fenareti. Masana sun ce akwai bambanci, wai ta Rojo daga kansa ta faɗo. Na ji, kuma a matsayina na wanda ya taɓa riƙe usur na fahimci hujjar. Amma je ka faɗa wa mai shayin bakin gidan kallonmu, wanda har yau in an ambaci Turkiyya sai ya yi tsaki.

Ni abin bai ba ni mamaki ba, domin na riga na sha irinsa a ƙaramin faifai. Wasan ƙarshe ne na wata gasar bayan sallah, a filin wata firamare. Ɗaya da ɗaya, rana ta yi sanyi, aka bugo kwana, aka yi cincirindo a bakin raga, ƙwallo ta shiga. Na nuna tsakiya. Aka tashi, aka ba da kofi, aka tafi da shi ana kiɗa. Ina ɗaure takalmina a jaka sai ga wani yaro, bai fi shekara goma sha uku ba, ya miƙo mini waya da hannu biyu, cikin ladabi ƙwarai: "Baba, don Allah duba nan." Ya ɗauki bidiyon daga bayan raga. Na kalla sau biyar. Wanda ya ci ƙwallon bai sa kai ba sam, wani wuri ta buga tsakanin kafaɗa da damtse.

Da daddare wayar nan ta zagaya teburin mai shayi. Magoya bayan waɗanda suka ci suka rantse kafaɗa ce, ɗaya ɓangaren suka rantse hannu ne, kowa yana dangwala yatsa a kan hoto ɗaya. Sai a 2020 masu doka suka zauna suka ce iyakar hannu da kafaɗa ita ce daidai ƙasan hamata, kuma ko da wannan ma'aunin ban tabbata teburin nan zai watse lafiya ba. Abin da ya fi damuna kuwa ba wanda ya lura da shi. A gefen bidiyon ga ni can nesa, kusa da tsakiyar fili, hannu a ƙugu. Na gaji, ban bi ƙwallon ba. Da na tsaya inda ya kamata, a bakin da'ira, da idona ya ishe ni.

Ban ce na'urar ba ta da rana ba. Wanda ya tuna hannun Maradona a 1986, ko na Thierry Henry da ya hana Ireland zuwa kofin duniya na 2010, ya san abin da aka gudo. Kuma ta taɓa yin gaskiya a kanmu, gaskiya mai ɗaci. Ranar 7 ga Fabrairu 2024, wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Bouaké, muna gaban Afirka ta Kudu da ɗaya, fenaretin Troost-Ekong. Wajen minti na 85 Osimhen ya ƙara ta biyu. Benci biyu suka kife, wani ya rungume ni ban san shi ba, mai gidan kallo da kansa ya bar ƙofa ya shigo yana tsalle. Sai muka ga alƙali, Amin Omar ɗan Masar, ya dafe kunne. Ashe tun a ɗaya ƙarshen filin, kafin a kawo harin, Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau a cikin da'irarmu. Aka soke tamu, aka ba su fenareti, Mokoena ya ci. Yara suka juyo: "Rafali, zalunci ne ko?" Na ce musu Yusuf ya yi ƙeta, ko ni ne zan bayar. Ban ƙara samun mai yi mini magana ba sai da mai tsaron ragarmu Nwabali ya tare biyu a bugun fenareti muka wuce da huɗu da biyu. Tun daga ranar ihun gidan kallonmu ya canza. Ƙwallo ta shiga, a miƙe rabi-rabi, ido na kan alƙali.

A Ingila kuwa, inda kuɗi ba matsala ba ne, kowa ya ji abin da ya faru da Luis Díaz a wasan Tottenham da Liverpool a Satumba 2023. Díaz ya ci wa Liverpool ƙwallo, mai tuta ya ɗaga, ya ce satar gida. Na cikin ɗaki ya ja layi, ya ga ba satar gida, amma shi a zatonsa an riga an ba da ƙwallon, sai ya ce ya gama dubawa. Aka ci gaba da wasa, kuma doka ba ta bari a koma baya in an riga an taka. Hukumar alƙalansu ta amsa laifi, har ta saki muryoyin. Kyamara ta yi aikinta daidai, mutum biyu ne ba su fahimci juna ba. Duk da haka da Wolves ta nemi a soke na'urar a 2024, ƙungiyoyi 19 cikin 20 suka ce a bar ta.

Ni yanzu in ana rigimar layi da hamata, hankalina wani wuri yake tafiya. A Janairu 2022, Janny Sikazwe na Zambiya ya tashi wasan Tunisiya da Mali a minti na 85, aka dawo, ya sake tashi kafin 90 ta cika. Akwai VAR a filin, amma ba ita ke riƙe masa agogo ba. Sannan a kofin Afirkan da muka kai wasan ƙarshe a Kodebuwa, babu alƙalin wasa ɗan Najeriya ko ɗaya cikin waɗanda aka zaɓa. Ƙasa mai wannan yawan jama'a! Daga ina zai fito? Yaron da ya fara busa a filin ƙasa ba mai koya masa inda zai tsaya, ba mai auna gudunsa, kuma darasin farko da yake koya shi ne kar ya ba baƙi fenareti in ba ya kusa da hanyar fita.

Usur ɗina yana hannun ɗan yayata yanzu. Asabar da ta wuce na je kallonsa. Na ƙirga wayoyi shida a bayan raga ɗaya. Ya soke wata ƙwallo, ya ce satar gida, suka yo kansa da wayoyin. Sai ya zana murabba'i a iska da yatsu kamar na talabijin, ya karɓi ɗaya ya duba, fili duk ana dariya, ya mayar ya ce hukuncinsa na nan. A hanyar gida, ina bayansa a babur, muna daf da Kofar Doka ya rage gudu ya ce, "Kawu, tsakani da Allah, satar gida ce?" Na ce masa lokacin na juya ina sayen gyaɗa.