Godiya ga waɗanda suka tsaya har shari'a ta ƙare

Assalamu alaikum iyayena, 'yan'uwa da abokan tafiya na mazaɓarmu.

Ranar Juma'a, 12 ga Janairu 2024, Kotun Ƙoli ta tabbatar da Dauda Lawal na PDP a kujerar gwamnan Zamfara. Daga nan kuma babu sauran kotu sai ta Allah. Mun faɗi a akwati, mun faɗi a shari'a. Ni da aka ɗora wa nauyin haɗa kan wakilan akwati na jam'iyyarmu ta APC a wannan mazaɓa, akwai bashin godiya a wuyana da na daɗe ban biya ba, don duk lokacin da na ɗauki waya zan rubuta sai a ce a jira hukunci tukuna. To, hukunci ya zo.

Zan fara da wakilan akwati, domin su suka fi kowa shan wuya, kuma su aka fi saurin mantawa da su. Ku tuna halin da ake ciki a lokacin: canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, mutum da kuɗinsa a banki amma ba na shan ruwa a aljihu. An ɗage zaɓen gwamna daga 11 zuwa 18 ga Maris 2023, abin da aka tanada ya ƙare kafin ranar. Duk da haka kuka fita tun asuba, wasunku zuwa rumfunan ƙauyukan da ko da rana tsaka mutum sai ya yi addu'a kafin ya bi hanyarsu saboda 'yan bindiga. Kuka tsaya aka tantance jama'a da na'urar BVAS, aka ƙirga ƙuri'a a idonku, kuka sa hannu a takardar sakamako ko da ba ta yi muku daɗi ba, kuka kawo mana kwafinta. Waɗannan takardu su ne madogarar duk wanda zai je kotu. Allah Ya saka muku da alheri, ku da 'yan kabu-kabun da suka ɗauke ku bashi.

Faɗuwar ta yi mana ciwo, kuma dalilin ciwon a bayyane yake. Makonni uku kafin nan, a zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, tsintsiya ce ta ci Zamfara. Gwamna mai ci, ɗan takararmu Bello Matawalle, namu ne, gwamnatin tarayya tamu ce. Sai ga sanarwa daga Gusau: lema 377,726, mu 311,976. Tazarar ta haura dubu 65. Na ga dattawa da suka kasa cin abinci, na ga samarin da suka kashe waya don gudun habaici a Facebook da WhatsApp. Aka fara neman wanda za a ɗora wa laifi. Wannan ya ce an sayar da mu, wancan ya ce manya ne suka yi zagon ƙasa. Ba baƙon abu ba ne a gidan da aka sha kaye.

A nan ne babbar godiyata take, ga limamanmu da iyayenmu mata. Daren da sakamako ya fito, samarinmu sun taru, jini na tafasa, ga masu murna suna zagaye da babura suna waƙar zambo. Da an bar su sun fita, Allah kaɗai Ya san inda za a kwana. Wani dattijo da bai taɓa karɓar ko hular kamfen ba ya zo ya zauna a bakin ofis, ya ce duk mai fita sai dai ya tsallake shi. Iyaye mata kuma kowace ta zo ta ja hannun ɗanta. Mu da muka yi wayo a 2011 mun san abin da fushin bayan zaɓe ya jawo a jihohin Arewa, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 suka rasu. Cikin ikon Allah, azumi ya kama a wannan makon, sai ga wanda ya yi maka ihu jiya kafaɗarsa na gugar taka a sahun asham.

Ina kuma gode wa maƙwabtanmu 'yan ɗaya ɓangaren. Da wasu yara suka nufo ofishinmu za su yage fastoci su fasa kujeru, su ne suka tare su. Ba su yi don jam'iyyarmu ba, sun yi don zumunci, kuma na gani, ban manta ba.

Sai watannin shari'a, waɗanda a ganina sun fi ranar zaɓen gajiyarwa. Doka ta ba mai ƙorafi kwana 21 ya shigar da ƙara, ta ba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60 a kowane mataki. A takarda lissafi ne kawai, amma ga ɗan mazaɓa zaman jiran tsammani ne na kusan shekara. A watan Satumba kotun farko ta kori ƙararmu. A watan Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce zaɓen bai kammala ba, a sake a Maradun da wasu wurare a Birnin Magaji da Bukkuyum. Ranar nan har rawa aka taka a unguwarmu, waɗanda suka daina gaishe ni suka dawo da sallama. Bayan wata biyu Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci.

Ba za mu ce kotu ta zama abokiyar gaba don yau ba ta yi da mu ba. Zamfara ta fi kowace jiha sanin wannan hanya. A 2019 jam'iyyarmu ta lashe komai a akwati, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce ba a yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta tanada ba, ƙuri'unmu duka suka tashi a banza, Bello Matawalle ya hau a ƙarƙashin PDP. Rigimar cikin gida ce ta kai mu ga haka, ba 'yan adawa ba. A 2021 shi ɗin ya sauya sheƙa zuwa wajenmu, muka rungume shi, muka yi masa yaƙi da zuciya ɗaya. Kafin shi ma, Mahmud Aliyu Shinkafi yana kan kujera ya sha kaye a hannun Abdul'aziz Yari a 2011. Talakan Zamfara ba ya jin nauyin kayar da gwamna mai ci, kuma duk mai son dawowa mulki gara ya zauna ya tambayi kansa me ya sa wanda ya dangwala mana a Fabrairu ya juya mana baya a Maris.

Game da waɗanda suka bar mu suka shiga inuwar lema tun kafin a rantsar da sabuwar gwamnati, ba ni da bakin zaginsu, tunda ɗan takararmu ma ta ƙofar sauya sheƙa ya shigo. Kowa ya san nauyin gidansa. Manya idan sun faɗi suna da wurin sauka, ɗan mazaɓa kuwa gonarsa ce ko teburinsa na kasuwa. Abin da nake roƙo kawai, in an tafi a tafi da mutunci, kada a mayar da sirrin da aka yi tare abin tallar kai. Ƙofa a buɗe take.

Ga gwamnati mai ci, muna yi mata addu'ar Allah Ya ba ta ikon kawo ƙarshen kashe-kashe da satar mutane, don ɗan bindiga ba ya tambayar katin jam'iyya. In ta yi daidai za mu faɗa, in ta kauce za mu faɗa da babbar murya. Aikin ɗan adawa ke nan.

Shugabar mata da tawagarta, masu dafa abincin taro, mai lasifika, da matasan da suka riƙa kare mu a intanet ba tare da zagin iyayen kowa ba, na gode ƙwarai. Duk wanda yake bin kwamitinmu kuɗin mai, na abinci ko na hayar rumfa, ya same ni a ofishin mazaɓa bayan la'asar ranar Asabar, ya zo da lissafinsa. Mun yi karo-karo a tsakaninmu, za mu fara sallamar masu ƙaramin ƙarfi, sauran kuma a yi mana haƙuri zuwa ƙarshen wata.

Wassalam.