Ranar da Aka Kai Mu Wadin Aljannu

Madina, daren Laraba.

Yau ce ranar ziyara ta ayarin da Gwaggo ta zo Umra a cikinsa, kuma tun da ta sauka a Madina take nanata mini cewa lallai in raka ta, domin ƙafarta ba ta da ƙarfi kuma ba ta jin Larabci. Na nemi izini a wurin aiki, na isa masaukinsu da ke arewacin Harami da hantsi bai ɗaga ba, na tarar bas ɗin ya kusa cika da mutanenmu, yawancinsu dattawa mata daga Katsina da Daura, kowace da jakar hannunta da gorar Zamzam. Direban Bahaushe ne haifaffen nan garin, cikin waɗanda kakanninsu suka zo a ƙasa ta hanyar Sudan suka zauna, Hausarsa tana tafe da Larabci a cikinta. Jagoran kuwa daga gida ya zo tare da ayarin. Tun kafin mota ta tashi na lura cewa babu mai maganar Ƙuba ko Uhudu, abin da ke bakin kowa shi ne Wadin Aljannu. Gwaggo ta dafa hannuna ta ce, "Babana, can ne fa aka ce mota tana hawa tudu da kanta." Haka take kirana saboda sunan mahaifinta na ci. Na ce mata ta bari mu je ta gani da idonta, domin ban so in rage mata ɗokin tun daga ƙofar otal.

Da Masallacin Ƙuba muka fara. Shi ne masallacin farko da aka gina a Musulunci, wanda Annabi (SAW) ya kafa da ya iso a shekarar hijira, 622 Miladiyya, tun kafin ya shiga cikin gari. Ya tabbata cewa yakan je shi kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa, kuma ya ce wanda ya yi tsarki a gidansa sannan ya zo ya yi salla a cikinsa yana da lada kamar na Umra. A wurin da ke da irin wannan matsayi, minti 20 jagora ya ba mu. Bas ya tsaya nesa da ƙofa saboda cunkoso, rabin lokacin ya tafi a tattaki da neman ɓangaren mata, kuma Gwaggo ta ce mini ba ta gama sallame raka'a biyu ba wayarta ta fara ƙara a cikin jaka, ana cewa su fito mota za ta tashi. Ta fito tana gyara mayafi tana waiwayen masallacin, addu'o'in da ta ƙudurta za ta yi wa 'ya'yanta da jikokinta ɗaya bayan ɗaya ba ta kai ko rabinsu ba.

A Uhudu ma haka aka yi, kuma nan ne abin ya fi taɓa ni. Jagora ya tsaya a ƙofar mota ya ce ga Dutsen Uhudu, ga maƙabartar shahidai, kowa ya yi sauri. Wani dattijo da ke kusa da ni ya nufi ƙaramin tudun da mutane ke hawa suna ɗaukar hoto, yana tsammanin shi ne Uhudu, har yana mamakin yadda ya zama ɗan ƙarami haka. Na ce masa, "Baba, wancan Dutsen Maharba ne. Uhudu ga shi can a bayan maƙabarta, wannan jan dutsen da ya miƙe kusan kilomita 7." Sai na tsaya na nuna masa, tare da wasu mata da suka matso, inda Annabi (SAW) ya ajiye maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu a watan Shawwal na shekara ta 3 bayan hijira, ya umarce su kada su bar wurin ko da me suka gani, da kuma yadda Khalid ɗan Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawakansa ta bayan tudun bayan yawancinsu sun sauka. Idan mutum yana tsaye a wurin, ya dubi tazarar da ke tsakanin tudun da babban dutsen, labarin da ya ji tun yana makarantar allo yakan zauna masa daram a ido. Dattijon ya yi shiru yana kallon katangar da Sayyidina Hamza da Mus'abu ɗan Umairu suke kwance a bayanta, cikin shahidai 70 na wannan rana, ya fara yi musu sallama, sai direba ya danna ham.

Masallacin Ƙiblataini, inda aka juya fuska daga Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba ana cikin salla, da filin Yaƙin Khandaƙ na shekara ta 5 a gindin Dutsen Sal'u, ta tagar mota muka gan su. An ce lokaci ya ƙure.

Amma lokacin da ya ƙure a can sai ga shi ya yalwata a wurin da aka kira gonar dabino. Bishiyoyi ne kaɗan a bakin ƙofa, bayansu kuma katafaren shago mai sanyi, an jera kwalaye har sama. Aka tarbe mu da gahawa da faranti na ɗanɗano, wani saurayi mai jin Hausa yana bin mata yana cewa, "Hajiya, ga ajwa ta asali, kada ki koma gida babu ita." Falalar ajwa gaskiya ce, hadisin cin guda 7 da safe ingantacce ne, kuma ba ni da ja a kan tsaraba. Abin da na sani, a matsayina na mazaunin garin nan, shi ne kuɗin da aka faɗa musu ya haura nesa da abin da ake sayar da irin wannan dabinon a babbar kasuwar dabino ta garin. Na raɗa wa Gwaggo ta haƙura, ta mayar da kwalin da ta ɗauka. Sauran kuwa sun cika ledoji da ajwa da safawi da man habbatus sauda da kwalli. Mun fi awa guda a wurin, babu wanda ya danna ham, babu wanda ya kira waya. Kowa a garin nan ya san dalili: mai shago yana ba da la'ada a kan duk abin da fasinjojin mota suka saya, masallaci da maƙabarta kuwa ba sa ba da komai.

Daga nan muka kama hanyar arewa maso yamma. Sunan wurin na gaskiya Wadi al-Baida, yana da nisan kimanin kilomita 30 daga gari, kuma kwari ne mai faɗi tsakanin duwatsu, da yashi mai haske da bishiyoyin ƙaya nan da can. A lokacin sanyi iyalan Madina sukan fito nan da yamma su shimfiɗa darduma, su hura gawayi, su dafa shayi, yara su yi ta gudu. A wannan matsayin wuri ne mai kyau, ni ma ina son sa. Sai dai ba shan iska aka yi wa mutanenmu alkawari ba.

Direba ya shiga can ciki, ya juyo da motar ta fuskanci Madina, ya ce kowa ya duba ƙafafunsa. Ya sa giya a furi, ya saki birki, ya ɗage ƙafafu biyu. Motar ta fara motsi a hankali, sannan ta ɗauki gudu. Nan take kabbara ta cika motar, wayoyi suka tashi sama, wata Hajiya a baya tana cewa aljannu ne Musulmi ke tura duk abin da ya shigo kwarin zuwa wajen Annabi. Wani ya nemi a kashe injin gaba ɗaya don a tabbatar, direban ya ƙi, ya ce birkin babbar mota da iska yake aiki kuma ba zai yi wasa da rayukan mutane ba. Na gode masa a zuciyata a kan wannan. Bayan ɗan lokaci ya taka birki ya tsaya a gefen titi, muka sauka, aka zuba ruwa a kan kwalta, ruwan ya bi hanyar da motar ta bi. Abin da aka kawo mu gani ke nan, daga farkonsa har ƙarshensa.

Gwaggo ba ta yi kabbara ba. Ta tsaya riƙe da sandarta ta daɗe tana duban titin, sannan ta ce, "Babana, ni fa ƙafata tana gaya mini gangara ce." Mace ce da ta yi shekaru tana fama da ciwon gwiwa, ta san bambancin hawa da sauka ko da idonta a rufe yake. Na buɗe manhajar da ke nuna tsayin ƙasa a wayata, muka koma mota muna kallonta tare, lambar tana ta raguwa muddin muna tafiya ta wajen gari. Titin gangarawa yake yi zuwa Madina a hankali, amma da yake duwatsu sun rufe iyakar sama da ƙasa ta kowane gefe, kuma gangaren duwatsun da ke kewaye ya karkata ta wata fuska daban, ido ya rasa abin da zai auna da shi, sai ya ɗauki sauka a matsayin hawa. Masu cewa maganaɗisu ne a cikin duwatsun, ruwan da suke zubawa da hannunsu ya isa ya ba su amsa, domin maganaɗisu ba ya jan ruwa, ba ya jan gorar roba. Irin wannan titi ba Madina kaɗai ke da shi ba. Akwai shi a Ladakh ta ƙasar Indiya, akwai a Moncton ta Kanada, akwai a tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, akwai a Machakos ta Kenya, kuma ko'ina mutanen wurin sun samar masa labarinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka cusa wurin a cikin jerin ziyara, har tsofaffinmu suna zaton yana da asali a addini. Ba shi da shi. Aljannu gaskiya ne, akwai sura sukutum da sunansu a cikin Alƙur'ani, amma wuraren da tarihi ya danganta da sauraronsu ga karatun Annabi (SAW) suna can wajen Makka, a Kwarin Nakhla da ke hanyar Ɗa'if da kuma inda Masallacin Aljannu yake a yau kusa da maƙabartar Mu'alla. Mutumin da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru, wani ma sai da ya sayar da gona ko shanu, bai cancanci a haɗa masa Ƙuba da tatsuniya a takarda ɗaya ba tare da an bambance masa ba. Na fahimci kuma yadda labarin yake rayuwa. Wanda ya koma gida ana jiran ya ba da abin mamaki, bidiyon motar da ke gudu ana kabbara ya fi saurin yawo a WhatsApp fiye da bayanin maharba 50, kuma da wuya mutum ya ce wa iyalinsa an kai shi jeji ya ga gangara. Na baya sai ya zo da ɗokin da na gaba ya ɗora masa.

Muna kan hanyar dawowa aka kira Azahar. Kafin mu isa, mu sauka, Gwaggo ta sabunta alwala, an daɗe da sallamewa a Harami. Wannan ne ya sa ta kuka, ba dabinon ba, ba kwarin ba. Kwanakinta a Madina ƙidayayyu ne, ta san salla ɗaya a Masallacin Annabi ta fi dubu a waninsa in ban da Masallacin Harami na Makka, kuma tun zuwanta ba ta rasa jam'i ko ɗaya ba sai yau. Ta ce da ta san abin da za ta tarar ke nan, da ta yi zamanta a cikin masallaci da carbinta. Ban sami abin da zan ce mata ba illa in ba ta haƙuri, na kai ta ƙofar mata, na jira ta a harabar har ta fito.

Da La'asar na koma wajen direban, na same shi yana wanke gilashin motarsa. Ban je da faɗa ba, domin na san ba shi ya tsara tafiyar ba. Ya ce mini, "Wallahi ɗan'uwa, abin da ake ba ni na yini bai taka kara ya karya ba, in ban tsaya a shagon ba da me zan koma gida? Wadin kuma, in ban kai su ba, su da kansu za su ce na cuce su." Na yarda da shi a kan duka biyun. Na tambaye shi ko yana da ƙaramar mota, ya ce yana da ita. Muka yi ciniki a kan kuɗin awa, wanda zai ishe shi ba sai ya jira la'adar kowa ba, muka tsayar da ranar Asabar bayan Asuba. Gwaggo da ƙawayenta biyu za su yi alwala tun daga masauki, mu je Ƙuba su zauna iya son ransu, daga nan mu koma Uhudu tun rana ba ta yi zafi ba. Idan ƙafarta ta yarda, ina so in biya da su ta Rijiyar Ruma, wadda Sayyidina Usman ya saya ya yi waƙafi da ita ga Musulmi, da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Anbariyya, inda layin dogon Hijaz daga Dimashƙ ya iso a 1908. Sharaɗi ɗaya Gwaggo ta gindaya, kuma na maimaita wa direban shi sau biyu: ƙarfe 11 ta yi musu a cikin Harami.