Koyar da Ɗa'ar Bincike a Bakin Teburin Gwaji

Ɗaliban da nake koya wa ɗa'ar bincike masu neman digiri na biyu da na uku ne, yawancinsu daga sashen nazarin ƙwayoyin cuta da na haɗa magunguna. Sukan shigo ajin da tunanin cewa kwas ne na cika sharaɗi. Tarihin nakan bi shi da sauri: Dokar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964, waɗanda suka shimfiɗa ƙa'idojin gwaji a jikin ɗan'adam, da binciken Tuskegee a Amurka, inda daga 1932 zuwa 1972 aka bar baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar za ta ci jikinsu. Suna rubutawa, amma a fuskarsu kana ganin sun ɗauke shi labarin nesa.

Sai an zo kan Kano ajin ke yin tsit. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba wani maganin daban don a kwatanta. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wannan labari na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa. A nan ɗalibi ke gane nauyin takardar neman amincewar mara lafiya.

To amma yawancinsu ba za su taɓa gwada magani a jikin mutum ba. Jarrabawarsu tana kan teburin gwaji, shi ya sa nake kwashe su mu tafi can, kowa da littafin da yake rubuta aikinsa. Wata ɗaliba ta buɗe nata, duk da fensir, ga gurbi uku a jere ba komai. An ɗauke wuta kwana biyu, janareta ba mai, ƙwayoyin da take renon su suka mutu. Kuɗin sinadaran daga aljihun mahaifinta suka fito. Ta ce, "Malam, ai na san inda alƙaluman suka dosa, in na cike gurbin wa zai sani?" Na tausaya mata ƙwarai, domin ba maƙaryaciya ba ce, matsi ne ya kai ta bango. Na ce ta ɗauki biro ta rubuta kwanan wata, da lokacin da wutar ta tafi, da abin da ta tarar da safe. Gurbin ya shiga kundinta a matsayin gurbi, da bayaninsa a ƙasa.

Daga nan na kafa sharaɗi: biro kawai, ba a yage shafi, kuskure a ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi. Hoton sakamako kuma a ajiye na asali kafin a taɓa shi a kwamfuta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar suna a kan maƙala. Ɗalibi ya kwana a ɗakin gwaji, sannan a ce ya sa sunan wani babba da ko samfurin bai gani ba. Yaron da sa hannun malaminsa ne zai ba shi digiri ba ya da bakin cewa a'a, kuma zalunci ne mu ɗora masa wannan yaƙi shi kaɗai. Don haka yanzu nakan gayyaci malaman da ke duba ayyukan su zauna a darasin ranar, a tsara jerin sunaye a rubuce tun kafin a fara aiki. Wasu na zuwa, wasu kuma uzuri suke aikowa.