Ranar da Muka Ɗage Fitar da Siga ta 2.4.0

Alhamis, da dare.

Yau ce ranar da muka sa don fitar da siga ta 2.4.0 ta manhajarmu ta adana kwafin fayiloli, kuma na tashi da niyyar kammala komai kafin azahar. Na riga na rubuta jerin sauye-sauye, masu fassara sun miƙo aikinsu, sigar gwaji ta biyu kuma ta yi kwana goma sha ɗaya a hannun jama'a ba tare da wani ƙorafi mai nauyi ba. Abin da ya rage shi ne in liƙa wa sauyi na ƙarshe alama a cikin Git, wato ma'ajiyar da ke riƙe da tarihin duk sauye-sauyen manhajar, in sa hannu a kan kunshin da jama'a za su sauke, sannan in sanar.

Kafin in yi haka na leƙa rumbun rahotannin matsaloli, sai na tarar da wani sabo da ya shigo cikin dare. Wani mai amfani da Windows ne ya adana fayil ɗin bidiyo mai girman gigabayit uku, manhajar ta shaida masa cewa aiki ya kammala lafiya, amma da ya maido da fayil ɗin sai ya same shi wayam, babu ko bayit ɗaya a ciki. Ya rubuta umarnin da ya bayar ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ƙara da cewa siga ta 2.3.2 ba ta yi masa haka. Gabana ya faɗi da na karanta, domin a wurin manhaja irin tamu babu abin da ya kai wannan muni. Da ta tsaya ta yi kukan kuskure, da mutum ya san inda yake. Amma ta ce ta adana alhali ba ta adana ba, kuma mai ita ba zai gane ba sai ranar da asalin fayil ɗin ya salwanta.

A kwamfutata mai Linux matsalar ta ƙi bayyana, sai da na koma Windows sannan na gan ta da idona. Tsakanin tsohuwar sigar da wannan akwai sauye-sauye kusan ɗari biyu, don haka na ɗauko git bisect. Aikinsa shi ne ya raba tarihin gida biyu, ya miƙo maka sauyin da ke tsakiya ka gwada, ka ce masa mai kyau ne ko marar kyau, shi kuma ya watsar da rabin da ba ruwansa. Da yake kowane zagaye yana rage rabi, zagaye takwas ya isa a zaƙulo sauyi ɗaya daga cikin 256. Na yi zagaye takwas ɗin cif, kowanne ina jiran a harhaɗa manhajar a kwafi babban fayil, har rana ta take.

Sauyin da ya fito na wani sabon ɗan sa-kai ne, wanda ya ƙara wa karatun fayiloli sauri a watan jiya. A layi ɗaya tak ya ajiye girman fayil a cikin nau'in lamba da ake kira long a harshen rubuta manhaja na C. A Linux mai bit 64 wannan nau'in yana da bit 64, amma a Windows bit 32 ne, ko da kwamfutar kanta mai bit 64 ce, kuma lamba mafi girma da yake iya ɗauka ita ce 2,147,483,647, wato gigabayit biyu ba bayit ɗaya. Duk fayil ɗin da ya ɗara haka sai lissafinsa ya kife, na mutumin nan ya koma ƙasa da sifili, manhajar kuma ta ɗauke shi a matsayin fanko. Ni ne na duba wannan sauyi na amince da shi, kuma gwaje-gwajenmu sun wuce a kan tsarukan biyu, saboda babu ko ɗaya a cikinsu da ke taɓa fayil mai girma. Giɓin yana nan tun kafin ɗan sa-kan ya zo.

Saboda haka ban fara da gyara ba. Na fara rubuta gwajin da ke ƙirƙirar fayil mai iƙirarin gigabayit uku ba tare da ya cinye wurin a faifai ba, ya adana shi, ya maido, ya kwatanta girman. Na gudanar da shi a Windows, ya faɗi da jan rubutu kamar yadda nake so. Na daɗe da barin yarda da gwajin da ban taɓa ganin faɗuwarsa ba, domin ba ni da tabbacin yana duba abin da nake zaton yana dubawa.

Bayan la'asar muka yi muhawara da abokiyar aikina a kan kula da manhajar. Ita tana ganin gyaran layi ɗaya ne, a yi shi a fitar yau, tunda mun yi wa mutane alkawari, masu shirya kunshi ma suna jira. Hujjarta ba ta banza ba ce. Ni kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, idan wannan sauyi ya ɓoye kuskure ɗaya da ido huɗu ba su gani ba, ban san abin da ya rage a cikinsa ba, kuma gyaran da aka yi da rana aka fitar da yamma babu wanda ya gwada shi sai mu biyu. Na tuna mata cewa Linus Torvalds kansa, wanda ya saba fitar da sigar gwaji bakwai kafin kowace sabuwar sigar Linux, yakan ƙara ta takwas ya jinkirta mako guda idan hankalinsa bai kwanta ba. A ƙarshe muka tsaya a kan janye sauyin gaba ɗaya daga reshen 2.4, wato ɓangaren aikin da za a fitar da sigar daga gare shi, a gyara shi a natse a babban reshe don siga ta gaba. Mun rasa ƙarin saurin da muka so yi wa jama'a albishir da shi, kuma hakan ya yi mini ciwo.

Saƙon da na fi daɗewa a kansa shi ne na ɗan sa-kan. Na rubuta masa cewa: "Ɗan'uwa, aikinka yana da kyau kuma muna son sa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni na amince da layin, gwajinmu ne kuma ya gaza kama shi." Cikin awa ɗaya ya amsa, ya ce zai bi duk wuraren da ya taɓa girman fayil.

Da magariba na liƙa alamar sigar gwaji ta uku, na haɗa kunshin daga alamar kanta, sannan na kwatanta abin da ke cikinsa da abin da ke cikin Git. Wannan mataki na ƙara shi ne tun bayan abin da ya faru da xz, wata manhajar matse fayiloli, a watan Maris na 2024, lokacin da aka gano cewa kunshin sigogi 5.6.0 da 5.6.1 yana ɗauke da abin da babu shi a ma'ajiyar da kowa ke dubawa. A saman sanarwar na rubuta gargaɗi ga duk wanda ya yi amfani da sigogin gwaji a Windows, cewa ya sake adana fayilolinsa da suka wuce gigabayit biyu. Mai rahoton ya riga ya sauke ta ukun, ya ce zai bar ta tana aiki a kan manyan fayilolinsa har safiya. Sabuwar ranar fitarwa ita ce Alhamis mai zuwa.