Wata huɗu ba ko sisi

Wata huɗu na yi ina koyon aiki a wani ɗan kamfanin haɗa manhaja a Ƙofar Ƙaura, ba ko sisi. Kullum daga Batagarawa nake hawo Napep, kuɗin kuwa daga adashin Inna.

Ogan ba macuci ba ne. Da idona na gan shi yana jiƙa garin kwaki a ofis, janareto ba mai. Aiki kam na koya.

Amma ranar da Inna ta ce, "Auta, wai aikin nan naka ba ya haihuwa ne?" sai na rasa bakin magana.

Wanda muka fara tare sati uku ya yi ya daina zuwa, ba mai biya mashi kuɗin mota. Wallahi ya fi ni ƙwaƙwalwa.